Yadda za ka bi sawun kakanka da ya yi aikin ɗamara a zamanin Jamus da Faransa

A gidajen Hausawa da dama na Garwa, Marwa, Ngaundare da Kusiri, har tsallaken kogi a Njamena da can Abeshe, ba a rasa wani kaka da ake cewa babban soja ne a zamanin Nasara. Wani gidan hoto ne ya rage musu, mutum tsaye da jar dara da ɗamara. Wani gidan lambar girma ce a ƙasan adaka. Mafi yawa kuwa suna ne kawai da ɗan labarin da aka gada. Ana iya gano gaskiyar irin wannan mutumin fiye da yadda jama'a suke zato, amma sai ka fara sanin wanda ya biya shi albashi. Takardun ɗan ɗamara suna bin asusun da ya biya shi ne. Mutum biyu 'yan unguwa ɗaya, kakinsu kusan iri ɗaya, sai ka tarar fayil ɗin ɗaya yana Faransa, na ɗayan yana Yawunde. Wanda bai tantance wannan ba zai yi ta aika wasiƙa inda ba a taɓa jin sunan kakansa ba.

Fara daga tsakar gida

Kafin ka taɓa intanet ko ka sayi tikitin mota, zauna da tsofaffin gida. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma ita ce ke ƙarewa kullum. Kada ka tsaya ga maza kawai. Goggo da inna da kaka mace su ne suka riƙe sunan uwar mutum, da sunan matansa, da garin da aka auro kowacce, da inda aka haifi kowane ɗa. Wannan na ƙarshe yana da amfani ƙwarai, domin matan soja suna bin mazansu bariki bariki, saboda haka garuruwan da aka haifi 'ya'ya su ne jerin wuraren da ya yi aiki.

Ka je da goro da ladabi, ka nemi izini kafin ka kunna rikoda a waya. Kada ka ce, "Baffa, a wace shekara ya shiga soja?" Ba haka tsofaffi suke lissafi ba. Ka ce, "Baffa, da aka kashe Rabe, an haife shi? Lokacin da Jamus suka hau dutsen Mora yana ina? Da aka yi annobar da ta biyo bayan babban yaƙi ya yi aure?" Kai ne za ka mayar da amsar zuwa shekara: an kashe Rabe a Kusiri ranar 22 ga Afrilu 1900, Jamus sun ci Garwa da Ngaundare a 1901, suka karya rundunar Lamido Zubairu kusa da Marwa a Janairu 1902, tashin Goni Waday da Mal Alhaji a 1907 ne, Faransa ta shiga Abeshe a 1909, annobar mura a 1918. Ka tambayi wanda yake lamido ko sarkin Hausawa a lokacin, ka tambayi sunan da ake kiran kumandan, wato Baturen da ke mulkin yankin, da shi, ko da laƙabi ne.

Tambaya uku kada ka bar gidan ba ka yi su ba. Da wane harshe ake ba shi umarni? Ya karɓi fansho, kuma a wane ofis yake zuwa karɓa? Me ake kiran muƙaminsa? Idan an ce kofur, saje ko samanja, hankalinka ya koma wajen Ingila. Idan an ce kafaran, sarjan ko lajidan, Faransa ce.

Sannan ka roƙi a buɗe adaka. Abin da kake nema shi ne ƙaramin littafin soja da Faransawa ke kira livret, ko takardar fansho, ko katin tsohon soja, ko takardar sallama. Duk wata lamba da ka gani kusa da kalmar matricule ko gajeren rubutun Mle, ka kwafe ta da kyau, don ta fi sunan kansa daraja a wannan aikin. Lambobin girma ma suna magana. Na Ingila na yaƙin 1914 zuwa 1918 an zana sunan soja da lambarsa da rundunarsa a bakinsu ko a bayansu. Na Faransa galibi ba suna, amma Médaille coloniale tana zuwa da ɗan ƙarfe a kan ƙyallenta mai sunan inda aka yi yaƙin, kamar Tchad, Koufra ko Fezzan. Hoto kuwa ka juya bayansa, ka duba hatimin mai ɗauka, ka kuma duba hannun riga da wuyanta: alamar anka ta jirgin ruwa ita ce tambarin sojojin Faransa na ƙasashen mallaka. Ka ɗauki hoton komai da waya a wurin, ka bar wa masu kaya kayansu.

Wace ɗamara ce?

Nan ne aikin yake, kuma nan ne ya kamata ka daɗe.

Idan zamanin Jamus ne, wato kafin 1916, runduna biyu ce: 'yan sanda masu bindiga da aka kafa a 1891, Polizeitruppe, da sojoji sosai, Schutztruppe, da suka biyo baya. Tun farko Jamus sun ɗauki Hausawa a ciki tare da mutanen Dahomi da Laberiya da Saliyo. A Kamaru baƙin mutum ba ya zama hafsa a wannan runduna. Iyakarsa Feldwebel, wanda ya yi daidai da samanja. To amma samanja a bariki irin na Mora ko Kusiri babban mutum ne, shi ke tsakanin Bature da sojoji, shi ke tafinta, shi ke jan sintiri. Da dangi suka ce hafsa ne, ba ƙarya suka yi ba, abin da idonsu ya gani suka faɗa. Kai dai kada ka nemi sunansa a jerin hafsoshin Jamus, ba ya ciki. Ka kuma kula da ƙarshen labarin. Garwa ta faɗi a Yuni 1915. Kyaftin Ernst von Raben da kamfani na uku sun riƙe dutsen Mora tun Agusta 1914 har 18 ga Fabrairu 1916. Sauran rundunar ta janye kudu ta shiga yankin Sifaniya, aka kwashe dubban sojoji baƙaƙe da iyalansu zuwa tsibirin Fernando Po, wanda yau ake kira Bioko, sai bayan yaƙi suka dawo. Idan ka ji tsohuwa ta ce kakanku ya zauna a Panya, wannan ne.

Idan zamanin Faransa ne, sai ka raba gida biyu, kuma wannan rabon shi ne mutane suka fi kuskurewa. Akwai sojan Faransa na ainihi, tiraye, wanda ma'aikatar soja ke biya. A Chadi babbar rundunarsu ita ce Régiment de tirailleurs sénégalais du Tchad, wadda aka kafa a 1910. Sunan Senigal kada ya ruɗe ka, duk baƙin sojan Faransa haka ake kiransa, ko Basare ne, wato ɗan ƙabilar Sara ta kudancin Chadi, ko Bahaushe ko tsohon mayaƙin Rabe da ya sauya ubangida bayan Kusiri. Su ne suka bi hafsan Faransa Leclerc bayan Chadi ta goyi bayan de Gaulle ranar 26 ga Agusta 1940 a ƙarƙashin gwamna Félix Éboué, Kamaru ta biyo washegari, suka ci Kufra da ke Libiya a Maris 1941. Bayan haka an kai su Madagaska da Indocin da Aljeriya. A wannan gidan baƙin mutum yana iya zama hafsa, ko da yake kaɗan ne suka kai. Yorgui Koli, ɗan Chadi, ya fara daga tiraye ya kai laftanan, yana cikin mutum 1,038 da aka ba lambar Compagnon de la Libération, wadda de Gaulle ya kafa don waɗanda suka yi fice wajen 'yantar da Faransa.

Gida na biyu shi ne na masu gadin mulki: waɗanda takardu ke kira milice, garde indigène, garde régionale ko garde territoriale, gwargwadon zamani da ƙasa. Mutanenmu gardi suke ce musu. Suna da kaki da bindiga da muƙamai irin na soja, amma asusun ƙasar da suke aiki ne ke biyansu, kuma kumandan na farar hula ne ubangidansu. Su ke gadin gidan yari, su ke raka kuɗin haraji, su ke bin kumandan rangadi. A Kamaru ta Faransa, wadda ƙasar amana ce tun 1922, irin waɗannan sun fi yawa kafin 1940. Idan kakanka gardi ne tsantsa, ma'aikatar sojan Faransa ba ta da fayil ɗinsa. Sai dai da yawa daga cikin manyan gardi tsofaffin tiraye ne da aka sallama, don haka mutum ɗaya yana iya zama da lamba biyu da fayil biyu.

Ƙasa da waɗannan akwai gumiye, mahaya doki ko raƙumi da ake ɗauka daga cikin mutanen yanki, musamman a arewacin Chadi, inda Borku da Ennedi da Tibesti suka zauna a hannun sojan Faransa har 1965. Takardunsu ƙalilan ne. Akwai kuma dogaran lamido da masu sarautu irin Sarkin Yaƙi da Sarkin Bindiga, waɗanda suka yi wa Bature yaƙi da umarnin fada. Waɗannan a fada za ka neme su.

Kada ka manta da Ingila. Sojojin Najeriya da suka taso daga Yola suka ci Garwa tare da na Faransa Hausawa ne da yawa, wasu kuma ba su koma ba. Dikwa da Gwoza da Mubi ma ƙasar Jamus ce da ta koma hannun Ingila, ta shiga Najeriya bayan ƙuri'ar 1961. Wanda ya fito daga nan, takardunsa suna rumbun tarihi na Kaduna ko na Kew a Landan.

Sunan da magatakarda ya rubuta

Sunan da kuke kiransa a gida da wuya ya zama shi ne a rajista. Mai ɗaukar soja yana rubuta abin da kunnensa ya ji ne, da ƙa'idar harshensa. Musa zai zama Moussa a hannun Bafaranshe, Mussa a hannun Bajamushe. Umaru zai zama Oumarou. Abubakar zai iya fitowa Boubakar, Bouba, Boukar ko Garba. Jibrin zai zama Djibrine. Sau da yawa ba a sa sunan uba, sai a liƙa wa mutum sunan gari ko ƙabila: Moussa Garoua, Adamou Haoussa, Ali Kano. Garuruwa ma haka: Jamus suna rubuta Garua, Marua, Kusseri, Dikoa, Jola, Jaunde. Njamena kuwa Fort-Lamy ce har 1973, Sarh kuma Fort-Archambault har 1972.

Ka ɗauki takarda ka jera duk siffar da sunan zai iya ɗauka, na mutumin da na uwarsa da na ubansa, domin rajistar Faransa tana rubuta wane ɗan wane da wance. Sunan uwa ne yakan raba Moussa ɗinka da sauran masu wannan suna. Shekarar haihuwa kuwa kintace ce, za ka ga an rubuta né vers, wato wajen shekara kaza. Ka ba ta tazarar shekara biyar gaba da baya. Wasu kuma sun shiga da sunan aro, ko sunan wani da aka tura su a madadinsa lokacin da aka ɗora wa sarki kawo samari. Tsofaffi sukan san wannan idan an tambaye su a keɓe.

Abin da za ka samu daga wayarka

Shafin Mémoire des hommes na ma'aikatar sojan Faransa kyauta ne. Yana da sunayen waɗanda suka mutu a yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, da jerin waɗanda aka buɗe wa fayil saboda sun bi de Gaulle, masu lamba da ke farawa da GR 16 P. Ka gwada siffofin sunan ɗaya bayan ɗaya, ka kuma gwada neman da wurin haihuwa kawai, Tchad ko Cameroun. Wanda aka ba Légion d'honneur kuma ya rasu kafin 1977, ka duba shi a rumbun Léonore.

Ga gardi kuwa, jaridar gwamnati ce ma'adaninka: Journal officiel na Kamaru da na Afirka ta Tsakiya ta Faransa, wadda Chadi take ciki a lokacin. A nan ake buga ƙarin girma, canjin wurin aiki, ritaya da kora, da suna da lamba. Shafin Gallica na babban ɗakin karatu na Faransa yana da shekaru da dama na waɗannan jaridu, kuma ana iya neman kalma a cikinsu. Injin yakan kasa karanta tsohon bugu, saboda haka idan suna bai fito ba ka gwada lambar, idan ita ma ba ta fito ba ka buɗe fitowar shekarun da kake zato ka bi sashen ma'aikata da ido. Aiki ne mai cin lokaci, amma ni a ganina babu inda ya fi nan amfani ga zuriyar gardi.

Na ɓangaren Ingila, katunan lambobin girma na yaƙin farko suna shafin rumbun Kew a ƙarƙashin WO 372, waɗanda suka mutu kuma a shafin hukumar kaburburan yaƙi ta Commonwealth.

Wasiƙa zuwa Faransa

Idan ka tabbatar tiraye ne, ka rubuta wa cibiyar takardun ma'aikatan soja da ke garin Pau, wadda ake taƙaita sunanta CAPM. A can ne rajistar ƙananan sojoji da su sarjan da lajidan 'yan tsofaffin ƙasashen mallaka take. Hafsa sosai, daga sous-lieutenant zuwa sama, wanda ya bar aiki kafin 1971, fayil ɗinsa yana Vincennes kusa da Paris. Wanda ya mutu a fagen daga ko aka kama shi fursunan yaƙi, akwai sashensa a Caen. Tarihin runduna kanta, inda ta je da abin da ta yi, ana samunsa a Vincennes da kuma cibiyar tarihin sojojin ƙetare da ke Fréjus.

Wasiƙar ta zama da Faransanci, gajeriya. Ka sa dukkan siffofin sunan, sunan uwa da uba, wurin haihuwa da yankinsa, shekarar da aka ɗauke shi, ofishin da ya ɗauke shi, da lambarsa. Ka ce kana neman état signalétique et des services, wato takardar da ta jera ranar shiga, rundunoni, yaƙe-yaƙe, rauni, ƙarin girma da ranar sallama. Ka haɗa da kwafin katin shaidarka, da abin da ke nuna dangantakarku, da takardar rasuwarsa idan akwai. Amsa takan daɗe. Kafin ta zo, ka leƙa ofishin tsofaffin sojoji na garinku, a Kamaru ONACAM, a Chadi takwaransa. Wanda ya ci fansho ya bar sawu a can, domin dokar Faransa ta 1959 da ta daskarar da fanshon sojojin Afirka ta sa su da matansu sun yi shekaru suna rubuta koke, har aka daidaita a 2007 da 2011, kuma kowane koke yana ɗauke da lamba.

Takardun Jamus

Nan sai an yi haƙuri. Rumbun sojan Jamus da ke Potsdam ya ƙone a Afrilu 1945. Abin da ya tsira shi ne takardun ma'aikatar mulkin mallaka, R 1001, a rumbun tarayya na Berlin, waɗanda aka ɗora a intanet, da takardun gwamnatin Kamaru ta Jamus da ke Yawunde a ƙarƙashin FA. A cikinsu sunan baƙin soja yakan fito ne a rahoton yaƙi, ko shari'a, ko ba da lambar yabo, ko jerin waɗanda suka mutu. Jaridar Deutsches Kolonialblatt ma tana buga irin waɗannan rahotanni. Rubutun hannun wancan zamani ko Bajamushen yau ba kowa ke karanta shi ba, don haka ka nemi malami ko ɗalibin sashen Jamusanci ko na tarihi a jami'ar Marwa ko ta Ngaundare. Dabarar ita ce ka bi barikin da Baturen da kakanka ya yi aiki a ƙarƙashinsa. Ko sunansa bai fito ba, za ka san inda ƙafarsa ta taka wata bayan wata.

Yawunde, Barazabil da fada

A rumbun ƙasa na Yawunde, takardun zamanin Faransa suna ƙarƙashin APA da AC. Ka nemi rahoton shekara da rahoton rangadi na yankin da ya yi aiki, da duk fayil mai kalmar garde ko milice. Ka tabbatar ana karɓar masu bincike kafin ka kama hanya, ka kuma tafi da takardar neman izini. Kada ka raina tsofaffin ɗakunan ajiya na ofisoshin gwamna da na firefe a Garwa da Marwa. Na Chadi sun rabu: yaƙin 1979 da 1980 ya taɓa takardun Njamena, amma tunda daga Barazabil ake mulkin ƙasar, wani kaso yana can, wani kuma yana rumbun ƙasashen ƙetare na Aix-en-Provence. A Njamena ɗakin karatu na CEFOD wuri ne mai kyau na farawa.

Fada kuwa ka shige ta ta hannun sarkin Hausawa ko wani dattijo da aka sani. Ka tambayi marubutan fada da zuriyar alƙalai, domin rabon gado da sayen gida da shari'ar aure an rubuta su da Larabci ko ajami, kuma a nan za ka ga sunan mutumin na gaskiya da na 'ya'yansa. Maroƙa ma suna riƙe da kirarin manyan 'yan ɗamara. Marigayi Eldridge Mohammadou ya tattara tarihin baka na lamidodin arewacin Kamaru da yawa, ayyukansa za su taimaka maka wajen daidaita zamanin kowane lamido.

Abin da za ka iya tararwa

Ina roƙonka ka shirya zuciyarka. Da yawa daga sojojin farko bayi ne da aka saya ko aka ƙwato, ko waɗanda sarki ya miƙa don ya cika adadi. Gardi kuwa su ne hannun da ke kama mutane aikin tilas har aka soke shi a 1946, su ne suka rako mutanen kudancin Chadi zuwa aikin dogon Congo-Océan tsakanin 1921 da 1934, inda dubbai suka mutu. Sojojin Jamus sun ƙona ƙauyukan duwatsun Mandara. Wataƙila takarda ta yabi kakanka a kan aikin da zuriyar maƙwabcinka suke tunawa da baƙin ciki. Wataƙila kuma ta zarge shi da rashin ɗa'a alhali ƙin dukan mutanensa ya yi. Bature ne ya rubuta, don bukatar kansa, saboda haka ka ajiye maganarsa gefe da ta tsofaffi, ka rubuta kowacce da sunan mai ita, kada ka goge ɗaya don ɗaya. Idan maganar bauta ta fito, ka fara kai wa manyan gida a keɓe kafin ta shiga zauren WhatsApp na dangi, domin ta shafi aure da mutuncin mutanen da suke raye.

Duk abin da ka samu, ka rubuta a littafi guda: wa ya faɗa, a wane gari, ko kuwa wane rumbu ne da lambar fayil da shafi. Ka buga hotuna da takardun a kan takarda, kada su zauna a waya kawai, ka ba kowane ɗaki na zuriyar kwafi, har waɗanda suke Yola, Maiduguri ko Sudan. Ka rubuta lambar matricule ɗin a bangon littafin, don duk wanda zai ci gaba da neman da ita zai fara.